Zara Matar Wata da Ɗakin Haya

A watan Afrilu, ɗakin da nake haya a Samaru ba ya kwantuwa sai dare ya raba. Har na fara cewa babu inda ya kai Zariya zafi. Ashe ban ga komai ba.

Zafi mafi tsanani da aka taɓa aunawa a doron ƙasa shi ne digiri 56.7 a ma'aunin Salshiyas, a kwarin Death Valley na Amurka, ranar 10 ga Yuli, 1913. Amma tauraruwar nan da muke kira Zara matar wata, wato Benus, zafinta ya haura digiri 460. Makuri ta fi ta kusa da rana, amma ba ta kai ta zafi ba. Dalili kuwa, iskar kabon mai kauri ce ta lulluɓe Zara, zafi in ya shiga ba ya samun mafita.

Matsalar ɗakina ke nan: rufin kwano, babu silin, taga ɗaya tal. Ɗan'uwa, kafin ka biya haya a Samaru ko Sabon Gari, duba silin, da tagogi masu kallon juna, da inuwar bishiya. Ni ban duba ba, shi ya sa a tsakar gida nake karatun jarrabawa, ni da sauro.