Direba, Nawa Motarka Take Ci a Kowace Kilomita?

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kukan direbobin Kontagora ɗaya ne: ana lodi kullum, amma ranar da mota ta kwanta babu kuɗin tada ita. Dalili shi ne yawancinmu fetur da kuɗin tasha kaɗai muke cirewa, sauran mu kira shi riba. Alhali taya, baƙin mai, birki da injin kansa duk suna cin kuɗi a kowace kilomita, sai dai ba a ranar ake biya ba.

Ka fara da fetur. Cika tanki, ka rubuta lambar da mitar mota ta nuna. Idan ka dawo, sake cikawa, ka raba kilomitar da ka yi da litar da ta shiga. In mitar ta mutu, taswirar waya za ta ba ka nisan.

Ga misali, kai kuma ka sa farashin da ka sani. Motar da ke yin kilomita 10 da lita ɗaya, a kan naira 1,000, tana shan naira 100 a kilomita. Juyen mai na 25,000 duk bayan kilomita 5,000 ya kama naira 5. Tayoyi huɗu na 200,000 da suka yi kilomita 25,000, naira 8. Idan a shekara ka yi kilomita 30,000, bakanike da kayan gyara suka ci 600,000, naira 20 ke nan. Takardun mota da inshora na 60,000, naira 2.

Saura tsufan mota, wanda shi aka fi mantawa. Kada ka ruɗu don an taya motarka sama da yadda ka saye ta. Darajar naira ce ta faɗi. Tambayi kanka cikon nawa za ka yi kafin ka sauya ta da mai lafiya irin yadda ka same ta. In cikon 1,800,000 ne bayan kilomita 90,000, ka ƙara naira 20. Jimla ta zama naira 155.

Daga Kontagora zuwa Minna ta Tegina da Zungeru kusan kilomita 200 ne. Zuwa da dawowa, fetur 40,000 za ka gani da idonka, amma abin da motar ta ci 62,000 ne. Wannan 22,000 ɗin ba naka ba ne, na motar ne, kuma duk wanda ya kai shi cefane uwar kuɗi yake ci. Hanya mai ramuka da lodin da ya wuce ƙima suna ƙara shi, don su ke kashe shokozoba da taya.

Don haka ka ajiye ɗan littafi a mota, ko facin taya aka yi ka rubuta. Duk dare ka ware kason motar a asusu daban ko adashi. Kafin ka karɓi shata, lissafa har da dawowa, ko da babu fasinja. Mai ba da mota balas da mai motar gida su ma wannan lissafin ya hau kansu. In farashin mai ya motsa, ka sabunta lissafin a ranar, kafin ka yi ciniki da kowa.