Wa Ya Rage a Gidan Sojan Nan?

Karatu: 2 Sama'ila 9:1-13
Ayar haddacewa: Yaƙubu 1:27

Kowace shekara ranar 15 ga Janairu ƙasarmu tana tunawa da sojojin da suka mutu a bakin aiki. An zaɓi ranar ce domin a ranar ne yaƙin basasa ya ƙare a 1970. Ana busa begila, a ajiye furanni, a saki tattabaru, sa'an nan kowa ya koma gida. Amma gwauruwar soja tana da sauran kwana 364 a gabanta. Tun daga 2009 da rikicin Boko Haram ya ɓarke, gidaje da yawa sun karɓi irin wannan saƙo, kamar bayan harin Metele a jihar Borno cikin Nuwamba 2018. Idan an gama makoki, akan bukaci iyalin su bar ɗakin bariki, sai su dawo ƙauye. Wataƙila akwai irinsu kusa da kai, a Rurum Tsohon Gari, ko Rano, ko Kibiya.

Yonatan ma soja ne. Ya mutu a yaƙi da Filistiyawa a kan Dutsen Gilbowa. Ɗansa Mefiboshet yana da shekara biyar sa'ad da labarin ya iso. Mai renonsa ta ɗauke shi da gudu, ya faɗi, ya gurgunce (2 Sama'ila 4:4). Ka lura da abubuwa uku da Dauda ya yi masa.

Na ɗaya, Dauda ya yi cigiya. Mefiboshet bai zo roƙo ba, yana zaune a Lodebar a gidan Makir. Sarki ne ya tambaya, ya aika aka ɗauko shi. Gwauruwa da yawa ba za su faɗa maka cewa buhun dawa ya ƙare ba, kunya ba za ta bar su ba. Kai ne za ka je. Ka tuna kuma, sa'ad da Dauda ya yi cigiyar, Mefiboshet har ya haifi ɗa. Shekaru masu yawa sun wuce. Kada ka jira haka.

Na biyu, ya mayar masa da haƙƙinsa. Dauda bai sallame shi da 'yar kyauta ba. Ya mayar masa da gonakin kakansa Saul, ya sa Ziba da 'ya'yansa 15 da barorinsa 20 su riƙa noma masa. Iyalin soja suna da haƙƙin da doka ta ba su, amma sai an bi takardu: shaidar mutuwa, sunan magajin da marigayi ya rubuta, asusun banki, wani lokaci har tafiya Abuja wurin hukumar fanshon sojoji. Idan ka yi karatu, ka zauna da ita ku cika takardun, ka raka ta, kada ka karɓi ko sisi. Idan dangi suna so su ƙwace gonar marayu, ka tsaya ka yi shaidar gaskiya a gaban mai unguwa, ko da masu ƙwacen 'yan'uwanka ne. Da damina, bari matasan ikilisiya su yi mata gayya.

Na uku, ya ba shi wuri a teburinsa kullum, kamar ɗaya daga cikin 'ya'yan sarki. Nan ne yawancinmu muke kāsawa. Mudun shinkafa a Kirsimeti abu ne mai sauƙi. Amma yaron da ya rasa uba yana bukatar dattijon da zai duba sakamakon jarrabawarsa, ya koya masa noman rani ko wata sana'a, ya tsawata masa cikin ƙauna. Yarinya tana bukatar uwa a zumuntar mata wadda za ta hana a cire ta daga makaranta saboda rashin kuɗi. Ka ɗauki gida ɗaya, ka riƙe shi shekara da shekaru. Idan kai namiji ne, ka tafi ziyara tare da matarka ko wani dattijo, domin kada sunan baiwar Allah ya ɓaci.

Kada ka tsaya ga 'yan ikilisiyarka kaɗai. Sojan da ya faɗi bai tambayi addinin waɗanda yake tsarewa ba. Galatiyawa 6:10 ta umarce mu mu yi wa kowa alheri.

Abin yi a wannan mako: ka roƙi Ruhu Mai Tsarki ya sa maka gida ɗaya a zuciya. Ka gaya wa fastonka, ka kai ziyara kafin Lahadi.

Addu'a:
1. Ya Uba, ka gafarta mini inda na ga hawayen gwauruwa na wuce.
2. Kowane hannu da ya danne haƙƙin marayu, ya saki, cikin sunan Yesu.
3. Ubangiji, ka tsare sojojinmu da suke bakin daga, ka kawo salama a ƙasarmu. Amin.