DARASIN FIƘIHU: HARSASHIN MAHARBI DA HALACCIN NAMAN DAJI

Yabo da godiya sun tabbata ga Allah wanda ya hore mana dabbobin gida da na daji. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, wani ɗan'uwanmu mazaunin ƙasar Faransa ya aiko da tambaya. Ya ce a can akwai wata irin barewa mai ƙaho rassa-rassa, wadda babu irinta a dajinmu, ana farautarta da bindigar karabin idan hukuma ta buɗe lokacin farauta. Yana son ya san ko namanta ya halatta idan ta mutu da harbi kafin a kai ga yanka, kuma wane irin harsashi ya kamata Musulmi ya zaɓa. Na ga amsar za ta amfani maharbanmu na nan ma, domin hukuncin ɗaya ne.

Mas'ala ta farko: asalin hukunci

A aya ta 3 ta Suratul Ma'ida Allah Maɗaukaki ya lissafa abubuwan da ya haramta ci, cikinsu akwai dabbar da aka buge har ta mutu. Buhari da Muslim kuma sun ruwaito cewa Adiyyu ɗan Hatimu ya tambayi Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, game da farauta da sanda mai tsini a kai. Ma'anar amsar ita ce, abin da tsinin ya huda a ci, abin da gefen sandar ya buge ya mutu kada a ci. Daga nan malamai suka ɗauki ƙa'ida: abin lura ga makamin farauta shi ne hudawa da zubar da jini. Saboda haka tsuntsun da yaro ya kashe da dutsen gwafa mushe ne, sai fa idan an same shi da rai an yanka.

Bindiga kuwa ba ta zo ba a zamanin Imamu Malik, wanda ya rasu shekara ta 179 bayan hijira, don haka babu nassi a kanta daga magabatan mazhaba. Malaman baya sun yi saɓani. Wasu sun hana, suna kamanta harsashi da dunƙulen laka da ake jifa da shi. Wasu, kamar Ibnu Gazi da Shehu Abdulƙadir Alfasi, sun halatta, domin harsashin darma yana hudawa, yana zubar da jini, yana kuma gaggauta mutuwa. Shehu Dardiri da Shehu Dasuƙi sun kawo wannan zance a sharhinsu na Muhtasarul Halil, kuma a kan halaccin ake fatawa. Sai ku lura, Allah shi yi muku rahama: dalilin da ya sa aka halatta shi ne aikin da harsashin yake yi. Wanda ya zaɓi harsashin da ba ya yin wannan aiki yadda ya kamata ya jefa namansa cikin shakka.

Mas'ala ta biyu: sharuɗɗa

A mazhabarmu ana sharɗanta maharbi ya zama Musulmi mai wayo, ya yi niyyar halatta naman, ya ambaci sunan Allah lokacin sakin harbi. Wanda ya manta an yafe masa, wanda ya bari da gangan ba a cin abin da ya kashe. Dabbar kuma ta kasance ta daji wadda ba a iya kamawa. Akuya ko raƙumi ba su halatta da harbi. Sa'an nan ya bi ta nan take, da wuƙarsa a jikinsa. Idan ya tarar ta mutu da raunin ba tare da sakacinsa ba, ta halatta. Idan ya same ta da rai, harbin bai taɓa makasa ba, wajibi ne ya yanka. In ya tsaya neman wuƙa cikin jaka har ta mutu, ta zama mushe. Makasa su ne yankewar laka, da tarwatsewar ƙwaƙwalwa, da zubowar kayan ciki, da yankewar jijiyar wuya, da hujewar hanji. Idan kuwa ta ɓace masa har ta kwana, zance mashahuri shi ne ba a ci. Haka nan idan ta faɗa ruwa ba a san abin da ya kashe ta ba.

Mas'ala ta uku: zaɓen harsashi

Wannan hukunci na kwana shi ne ya sa zaɓen harsashi ya shiga babin fiƙihu. Dabbar da aka raunata da harsashin da bai dace ba takan yi gudu mai nisa, ta shiga sarƙaƙiya, ta mutu da dare cikin azaba. Maharbi ya rasa nama, ya kuma saɓa wa hadisin Shaddadu ɗan Ausu da Muslim ya ruwaito, wanda ya umurce mu da kyautatawa ko a wajen kisa da yanka. Abu huɗu za a duba.

Na ɗaya, ƙirar harsashi. Akwai mai rufin ƙarfe gaba ɗaya, irin na soja. Tun yarjejeniyar birnin Heg ta shekarar 1899 aka hana harsashi mai buɗewa a fagen yaƙi, shi ya sa na soja yake haka. Irin wannan yakan ratsa dabba ya fita ta ƙaramar kafa, jini kaɗan, mutuwa a hankali. Akwai kuma mai taushin baki, wanda idan ya shiga jiki yake buɗewa kamar lema, ya faɗaɗa rauni, jini ya zuba sosai. Wannan shi ne harsashin farauta, kuma shi ya fi dacewa da manufar shari'a.

Na biyu, ƙarfinsa ya dace da girman dabba. Ƙaramar barewar Turai nauyinta kilo 20 zuwa 30 ne, babbar kuwa namijinta yakan kai kilo 200. Dokar Faransa ta shekarar 1986 ta hana harbin irin waɗannan dabbobi da harsashin da faɗinsa bai kai milimita 5,6 ba, ko wanda ƙarfin bugunsa bai kai jul 1000 a nisan mita 100 ba. Dokar Ingila ta 1991 ma ta sanya iyakar faɗi da ta ƙarfi, ta kuma wajabta mai taushin baki. Maharban can sun saba da masu lamba 243 da 270 da 308 da 7×64. Na farkon ya wadatar ga ƙarama, sauran sun fi dacewa da babba. A nan gida, kuskuren da ya yawaita shi ne harbin barewa ko gada daga nesa da ƙananan ƙwayoyin darma waɗanda aka yi don zabo da kurciya. Sukan shiga fata kawai, dabba ta tafi da su ta ruɓe.

Na uku, wurin harbi da nisa. A nufi bayan ƙafar gaba, inda zuciya da huhu suke. Harbin ciki, ko da ya huda hanji, yana barin dabba ta yi nisa, yana kuma ɓata nama. Maharbi ya gwada bindigarsa da harsashin da zai yi aiki da shi kafin ya shiga daji, kada kuma ya harba daga nisan da bai tabbata da hannunsa ba.

Na huɗu, darma guba ce. Ba mu manta da yara fiye da 400 da gubarta ta kashe a ƙauyukan haƙar zinari na Zamfara a shekarar 2010 ba. Harsashin darma yakan bar ɓurɓushi cikin nama, saboda haka a yanke abin da ke kewaye da rauni a zubar, musamman idan yara da mata masu ciki za su ci. Akwai harsashin jan ƙarfe zalla, kuma jihar Kalifoniya ta Amurka ta hana farauta da na darma tun shekarar 2019. Wanda ya sami na jan ƙarfe ya fi.

Mas'ala ta huɗu: ba kowace dabba ake harbi ba

Malamanmu sun karhanta farauta don wasa, sun haramta kisa ba da nufin amfani ba. A ƙasarmu dokar 29 ga watan Afirilu 1998 ita ce ta tsara farauta da kare namun daji. Ana bukatar takardar izini, akwai kuma dabbobin da aka hana taɓawa sam. Barewar da ake kira dama da wadda ake kira adaks sun kusa ƙarewa a duniya, ragowarsu kaɗan ne a yankunan Termit da Ayar. Gandun Gadabeji da ke jihar Maraɗi an keɓe shi tun 1955. Bin shugabanni cikin abin da yake maslaha ce ta jama'a wajibi ne, kuma bisimilla ba ta wanke laifin wanda ya ƙarar da abin da jikokinsa ke da haƙƙi a cikinsa.

Amsar ɗan'uwanmu ke nan: naman ya halatta idan sharuɗɗan sun cika. Ya zaɓi harsashi mai buɗewa, mai ƙarfin da ya kai, ya yi bisimilla, ya bi dabbarsa da wuƙa a hannu.

Allah shi ne mafi sani. Allah shi ciyar da mu halal, shi tsare mu daga haram da shubuha. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.