Darasin Turanci: Kalmar "Simple" da Amfaninta

A darasinmu na wannan karo za mu duba wata kalmar Turanci da muke yawan gamuwa da ita a takardun malaman gona na JARDA, da jikin kwalin magani, da takardun bashi. Kalmar ita ce simple, ana faɗinta "simful". Asalinta daga Latin ne, daga kalmar simplex, watau abu mai ninki ɗaya. Ta shigo Turanci ta hanyar Faransanci. In mun riƙe wannan asali, sauran ma'anoninta ba za su ruɗe mu ba.

Ma'ana ta farko ita ce abin da ba shi da sarƙaƙiya. In malamin gona ya zo daga Dutse ya ce "This method is simple", yana nufin hanyar a fili take, kowa zai gane. Amma mu lura, simple dabam take da easy. Noman firi simple ne, gama ko yaro ya san yadda ake yi. To, wanda ya wuni da fartanya a gonar gero a Andaza ya san ba easy ba ne, domin akwai wahala.

Ma'ana ta biyu ita ce abu marar ado. Rigar da ba a yi mata aiki ba, simple ce. Haka kuma "He lives a simple life" yabo ne ga mutumin da ba ya fahariya ko almubazzaranci.

Ma'ana ta uku tana bukatar hankali. In an ce "He is simple", ana iya fahimtar cewa mutumin ba shi da wayo. Saboda haka kada mu faɗa wa babba haka da nufin yabonsa, mu zage shi ba mu sani ba. Gara mu ce humble.

Wajen gwada abu biyu sai mu ce simpler. In sun fi biyu, simplest.

Yanzu ga inda kalmar ta shafi aljihunmu. A takardar bashi mukan ga simple interest, watau kuɗin ruwa da ake lissafawa a kan uwar kuɗi kaɗai. Kishiyarsa compound interest, inda ruwan ma yakan haifi ruwa. Ga misali: ƙungiyar manoma ta ranci naira 100,000 don sayen taki, ruwa kashi 20 cikin ɗari a shekara, na shekara 3. In simple ne, kowace shekara 20,000, duka za a biya 160,000. In compound ne, shekara ta farko 120,000, ta biyu 144,000, ta uku 172,800. Bambancin naira 12,800 ne, ga shi kuwa kalma ɗaya ce ta kawo shi. Wanda ya kai hatsinsa kasuwar Shuwarin don biyan bashi ya san nauyin wannan kuɗi.

Don haka kafin mu sa hannu ko mu dangwala yatsa, mu nemi a nuna mana wace kalma aka rubuta. Mai tambaya ba ya ɓata.

Aikin gida: kowa ya rubuta jimla uku da simple, ɗaya ga kowace ma'ana, ya karanta wa 'yan ajinsa.