Amsar Wasiƙunku: Tumatir da Ciwon Daji

 Wasiƙu ukun da za mu karanta yau daga Banga da Shinkafi da Zurmi suka fito, kuma ko da yake masu su ba su haɗa baki ba, dukkansu a kan tumatir suke tambaya.

Ta farko daga wani dattijo ne, manomin rani a Banga, ƙasar Ƙauran Namoda. Ya ce ɗansa ya karanta masa a waya cewa Turawa sun gano tumatir yana maganin ciwon daji, alhali shi shekara da shekaru yana nomansa, yana kai shi kasuwa kwando-kwando, wata shekarar ma ya zubar don rashin mai saye. To, ashe magani yake zubarwa?

Baba, Allah ya ƙara maka lafiya. Maganar da ɗanka ya karanta tana da asali, sai dai an yi mata ƙari a hanya. Jan launin da kake gani a jikin nunannen tumatir wani sinadari ne da masana ke kira laikofin, wanda ake samu kuma a cikin kankana da jar gwaba, yana kuwa cikin jerin abubuwan da ke rage ɓarnar da ke aukuwa ga ƙwayoyin halittar jiki yau da gobe, irin ɓarnar da in ta taru takan zama mafarin sankara. A shekarar 1995 wani masani mai suna Edward Giovannucci da abokan aikinsa na Jami'ar Harvard ta Amurka, bayan sun yi shekaru suna bin diddigin abincin maza ma'aikatan lafiya fiye da 47,000, suka bayyana cewa waɗanda ke cin abinci mai tumatir sau goma ko fiye a mako sun fi masu cinsa jefi-jefi kuɓuta daga sankarar furosteti, wato ƙululun nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, da kimanin kashi 35 cikin 100. Daga nan labari ya bazu.

Amma mai hankali zai tambaya: tumatirin ne ya tsare su, ko kuwa mutumin da ke yawan cin kayan lambu dama shi ne mai kula da jikinsa ta wasu fuskoki, ba ya shan taba, yana motsa jiki, yana ganin likita a kan kari? Wannan shubuha ce ta sa da hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta auna hujjojin a 2005 ta ce ƙalilan ne ƙwarai. Haka kuma Asusun Binciken Ciwon Daji na Duniya da ke Landan, wanda a 2007 ya rinjayar da cewa abinci mai laikofin yana ba da kariya, ya sake nazari a 2014 ya janye, ya ce dalilan ba su isa a yanke hukunci ba. Da a ce ruwaya ce aka kawo gaban malaman hadisi, ba za su jefar da ita cikin ƙagaggu ba, ba kuma za su kai ta darajar ingantattu ba; zato ne mai kyau wanda bai kai yaƙini ba. Ka lura kuma, Baba, ko waɗanda suka fi kowa kyautata zaton, rigakafi suke nufi, babu wanda ya ce yana warkar da cutar da ta riga ta kama mutum. Abin da babu saɓani a kansa shi ne abinci ne mai albarka: mafi yawansa ruwa ne, ga bitamin C, ga sinadarin fotasiyam mai taimakon daidaita hawan jini, kuma yana cikin giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itatuwa da Hukumar Lafiya ta Duniya ke so kowa ya ci kullum. Saboda haka kafin ka ɗora kwanduna a mota, ka fara ware na gida.

Ta biyu wata uwargida ce daga Shinkafi, tana tambaya ko dahuwa na kashe amfanin tumatir, da kuma hukuncin kauɗa, wadda takan saya ran Alhamis a kasuwa idan damina ta sa ɗanye ya yi tsada.

Hajiya, a nan tukunyarki ta riga masana. Laikofin a ɗaure yake cikin naman tumatir, zafi ne ke sakinsa, kuma ba ya narkewa sai cikin mai. Don haka miyar da kika soya da man gyaɗa ko manja har ta yi ja, mai ya taso a kanta, ta fi ɗanye ba jiki wannan sinadari. Bitamin C kuwa akasin haka ne, wuta na rage shi, shi ya sa yake da kyau a riƙa yanka ɗanye a kan kwaɗon zogale ko dafa-duka, bayan an wanke shi sarai saboda maganin feshi. Kauɗa ba ta da laifi, domin rana ruwan ta ɗauke ta bar jan. Laifin yana wurin shanya, inda ake baza ta a ƙasa tsirara a gefen titi, ƙura ta hau, awaki su ratsa. Ki zaɓi mai haske, ki shinshina, in kika ji warin rima ko kika ga funfuna a jikinta ki bar ta. Haka ruɓaɓɓen da ake tarawa gefe a sayar da araha da yamma: funfuna kan haifar da dafin da tafasa ba ta kashewa. Mu da muke ƙasar gyaɗa, wadda ita da auduga suka jawo layin dogo har Ƙauran Namoda a 1929, ya kamata mu fi kowa sanin wannan, domin dafin afalatoksin da ke cikin gyaɗa da masara masu funfuna tabbataccen sababi ne na sankarar hanta, kuma hujjarsa ta fi ta amfanin tumatir ƙarfi nesa ba kusa ba.

Ta uku ita ta fi taɓa mini zuciya. Wani saurayi ne daga Zurmi, ya ce mahaifinsa ya yi wata da watanni fitsari na yi masa wuya, yana tashi sau da yawa cikin dare, kwanan nan har da jini, an kuwa ba su shawara su riƙa matse masa ruwan tumatir kowace asuba.

Ɗan'uwa, Allah ya ba Baba lafiya, ya saka maka da alheri bisa wannan biyayya. Ka ba shi tumatir a matsayin abinci, in dai ba ya tayar masa da ƙwannafi, kuma likita bai hana shi ba saboda ciwon ƙoda. Amma kada ka yarda kofin nan ya zama dalilin jinkiri ko na mako guda. Wahalar fitsari ga dattawa sau da yawa kumburin furosteti ne kawai wanda ba sankara ba, yana kuma da magani. Wani lokaci kuwa sankarar ce, kuma ba a bambance su da ido, sai likita ya duba, a yi gwajin jinin da ake kira PSA da abin da ya biyo baya. Na san halin da hanyoyinmu ke ciki a wannan zamani, Allah ya kawo mana sauƙi, na kuma san kunyar da ke hana dattijo faɗa wa ɗansa irin wannan lalura. Tunda har ya faɗa maka, to ta kai shi maƙura. Neman magani riƙo da sababi ne, ba ya warware tawakkali. Ku fara da babban asibitin da ya fi kusa da ku, in suka ga ya dace su tura ku Asibitin Tarayya na Gusau ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Ka tafi da duk magungunan da yake sha, na asibiti da na gargajiya, ka nuna wa likitan, kuma ka rubuto mana yadda kuka yi.

Akwai wata wasiƙa daga Moriki a kan tsutsar da ke cinye ganyen tumatir, irin wadda ta yi ɓarna a Kano da Kaduna a 2016. Wannan sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, za mu gayyato malamin gona ya amsa ta da bakinsa.