Dokin Sukuwa Bayan Ya Bar Fage: Yadda Ake Sake Horar da Shi

A shekarar 1986 wani ingarma mai suna Ferdinand ya lashe Kentucky Derby, gasar sukuwa mafi shahara a ƙasar Amurka. Shekara na zagayowa aka zaɓe shi gwarzon dokin ƙasar baki ɗaya. Da ya bar fage sai aka ajiye shi don barbara, daga bisani kuma, a 1994, aka sayar da shi zuwa Japan. A 2003 wata 'yar jarida ta bi sawunsa, ta gano cewa ya mutu tun 2002, kuma bisa ga dukkan alamu a mayanka ya ƙare. Labarin ya tayar da hankalin masu sha'awar dawaki. Idan haka ta sami zakara, ina ga dubban dawakin da ba su taɓa cin gasa ko ɗaya ba?

Lissafin shekaru kaɗai ya isa ya nuna girman matsalar. Doki yakan rayu shekara 25 zuwa 30. Dokin sukuwa yakan shiga fage yana ɗan shekara biyu ko uku, kuma akasari yakan bar shi tun bai cika takwas ba, saboda rauni ko rashin saurin da ake bukata. Ke nan akwai kimanin shekara 20 a gabansa. Yin watsi da shi a wannan gaɓa shi ne abin da Hausawa ke kira cin moriyar ganga a ya da kwaurenta. Wannan darasi zai duba yadda ilmin jikin doki da na halayyarsa ke taimakawa wajen ba shi sabuwar sana'a ba tare da azabtarwa ba.

Jikin da aka gina don gudu

Dawakin da ake manyan gasanni da su wani iri ne da ake kira Thoroughbred. An samar da shi a Ingila daga goɗiyoyin ƙasar da wasu ingarmu uku da aka kawo daga gabas, kuma tun 1791 ake rubuta salsalarsu a littafi. Nauyin irin wannan doki yakan kai kilo 500, amma yana iya gudun fiye da kilomita 60 a awa guda. Zuciyarsa tana bugawa sau 30 zuwa 40 a minti idan yana hutawa, a tsakiyar gudu kuwa takan haura 220. Saifarsa ma rumbu ce ta jajayen ƙwayoyin jini. Da ya zabura sai ta matse, ta tura su cikin jini domin su ƙara kai iska ga tsoka.

Duk wannan ƙarfi a kan siraran ƙafafu yake sauka. Jijiyar da ke bayan ƙwaurin ƙafar gaba takan miƙe kusan iyakar ƙarfinta a lokacin sukuwa, shi ya sa ta zama wurin da ake yawan samun rauni. Idan ta yage, warkewarta kan ɗauki wata tara zuwa shekara guda, kuma tabon da ke maye gurbin ba shi da danƙo irin na asali. Saboda haka kafin komai likitan dabbobi ne zai duba ƙafafu da kofato da haƙora da gadon baya, ya faɗi irin aikin da dokin zai iya.

A gyara ciki kafin a ɗaura sirdi

Doki dabbar kiwo ce. Idan aka sake shi a fili yakan shafe kusan awa 16 a rana yana tsinkar ciyawa kaɗan-kaɗan. Tumbinsa ƙarami ne, bai wuce cin lita 8 zuwa 15 ba, kuma yana fitar da ruwan tsami mai narka abinci dare da rana, ko ya ci ko bai ci ba. Yawu ne ke rage kaifin wannan tsami, shi kuwa yawun doki sai yana tauna yake zuba. Dokin sukuwa yakan yini a barga, a ba shi hatsi mai yawa da ciyawa kaɗan. Idan ya yi gudu da ciki wayam, sai tsamin ya fantsama zuwa sashen sama na tumbi, inda babu majinar da ke kare shi. Bincike da dama ya nuna cewa kimanin takwas ko tara cikin goma na dawakin da ke cikin horon sukuwa suna da gyambon ciki.

Dokin da ke cizo idan an ɗaure masa majanyin sirdi, ko yake ƙin abinci, sau da yawa ciwo ne ke damunsa, ba mugun hali ba. Don haka akan ba shi hutun makonni ko watanni. Ana rage hatsi, ana ƙara ciyawa, amma a hankali, domin ƙwayoyin halittar da ke narka ciyawa a babban hanjinsa suna bukatar lokaci kafin su saba. Sauyin abinci farat ɗaya yana jawo murɗar ciki mai iya kisa, ga shi kuma doki ba ya amai. A wannan lokaci ne kuma ake haɗa shi da wani doki mai sanyin hali, ya koyi zaman garke.

Abin da ya koya a fage

Dokin sukuwa ba jahili ba ne. Karatunsa ne ya bambanta. A fage mahayi yakan riƙe linzami tamau, dokin ya jingina bakinsa a kai yana gudu. A wurinsa jan linzami na iya nufin a ƙara wuta. Sabon mahayi da ya tsorata ya ja da ƙarfi, sai ya ga dokin ya ƙara mai. Haka nan bai saba tsayawa cik a hau shi ba, domin yana tafiya ake cilla mahayinsa bisa sirdi. Likkafar sukuwa gajera ce ƙwarai, saboda haka bai san taɓin ƙafar mahayi a haƙarƙarinsa ba. A Amurka kuwa hagu ake kewaya fage, har tsokar gefe guda takan fi ta ɗayan ƙarfi. Wanda bai san waɗannan ba zai ɗauka taurin kai ne, ya kai hannu ga bulala.

Ƙa'idoji uku na horo

Ta farko ita ce sabo. Doki dabba ce da namun daji ke farauta, idanunsa suna gefen kai, yana ganin kusan duk kewayensa, kuma da ya ga baƙon abu gudu ne ke fara zo masa. Akan nuna masa abin tsoro, kamar mota ko laima, daga nesa, a matso da shi sannu-sannu, ba tare da an kai shi ga firgita ba.

Ta biyu ita ce matsi da saki. Mai horo zai ja ragama a hankali; da zarar dokin ya rage tafiya, ko da taku ɗaya ne, sai ya saki nan take. Sakin ne ke koyar da shi, ba jan ba. Idan aka makara da 'yan daƙiƙoƙi, dokin ba zai gane abin da ya kawo masa sauƙin ba. Idan kuma ba a saki ba sam, sai ya daina kula da alamar, ko ya nemi mafita ta hanyar tutsu. Akan fara wannan daga ƙasa da doguwar igiya, sai ya ƙware a tsayawa da juyawa dama da hagu kafin a hau shi.

Ta uku ita ce lada. Ɗan abinci ko susa a gindin wuya, inda geza ta ƙare, yana ƙarfafa halin da ake so. An gano cewa susa a wannan wuri tana rage bugun zuciyar doki, kuma nan ne dawaki ke sosa wa junansu. Duka kuwa tsoro yake shukawa, doki kuma ba ya saurin manta abin da ya firgita shi.

Sabuwar sana'a

Akwai shaidar cewa wahalar ba ta faɗuwa banza. Wata goɗiya mai suna Touch of Class ba ta yi abin kirki a sukuwa ba, amma da aka koya mata tsallake shinge sai ta ci lambar zinariya biyu a wasannin Olamfik na 1984 a Los Angeles. Wasu dawakin sukan koma wasan folo ko hawan kilisa. A gidan yarin Wallkill da ke jihar New York, tun 1984 aka fara ba fursunoni kula da tsofaffin dawakin sukuwa, suna koyon sana'a. A Birtaniya an kafa ƙungiyar Retraining of Racehorses a 2000, kuma daga 2022 aka wajabta cire duk dokin da zai yi sukuwa a ƙasar daga jerin dabbobin da za a yanka don mutane su ci. Waɗanda rauninsu ya hana a hau su akan ajiye su a gonakin hutu, irin Old Friends da aka buɗe a Kentucky a 2003. Idan ciwo ya ƙi magani, likita kan kawo ƙarshen wahalar ba tare da azaba ba.

Dawakin ƙasar Hausa na sukuwa da folo da hawan salla ba duka ne irin wannan jinsi ba, amma tumbinsu da jijiyarsu da hanyar koyonsu duk ɗaya ne. Dokin da ya gama aikinsa yana da haƙƙin ciyawa da ruwa da inuwa da hannu mai sauƙi.

Tambayoyi don aji

1. Me ya sa rashin tauna ke jawo wa doki gyambon ciki?
2. Bayyana dalilin da ya sa saki ya fi ja muhimmanci a horo.
3. Ɗalibai su ziyarci barga mafi kusa, su tambayi mai kula da ita abin da akan yi da doki idan ya tsufa, su rubuta abin da suka gano.