Haƙƙin Mawaƙi A Kan Mai Sauraronsa

 Ya ku ƴan'uwa musulmi, darasinmu na wannan fitowa ya shafi waƙa da masu sauraronta.

A ƙarshen Suratush Shu'ara'i, da Allah Ya zo zancen mawaƙa, da mabiyansu Ya fara. Ya bayyana cewa ɓatattu ne ke bin su, sa'an nan Ya keɓe waɗanda suka yi imani, suka aikata ayyukan ƙwarai. Mu lura da kyau: mawaƙi da mai sauraro tare aka ɗora su bisa ma'auni.

Imamu Muslimu ya ruwaito cewa wata rana Annabi (S.A.W.) ya goya Sharidu ɗan Suwaidu a bayan abin hawansa, ya tambaye shi ko ya hardace wani abu daga waƙen Umayya ɗan Abis Salti. Sharidu ya kawo baiti ɗaya, Annabi ya nemi ƙari, ya kawo wani, ya sake neman ƙari, har sai da suka kai baiti ɗari. Umayya kuwa mutumin Ɗa'ifa ne, bai ma musulunta ba, amma waƙensa cike yake da ambaton Allah da tashin ƙiyama. Maganar aka auna, aka same ta mai nauyi. Haka nan a shekara ta 9 bayan Hijira, Ka'abu ɗan Zuhairu ya zo Madina yana tsoron ransa, ya rera ƙasidarsa, Annabi ya saurara, ya yafa masa mayafinsa.

Mu dawo gida. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta cikin jihar Tawa ta yau a 1754, ya san cewa talakan Gobir ba ya karanta Larabci. Saboda haka ya yi wa'azi cikin waƙen Fulatanci, ƴaƴansa Nana Asma'u da Isa kuma suka mayar da da yawa zuwa Hausa. Nana Asma'u (1793-1864) ta naɗa jajoji, wato shugabannin ƴan taru, suna zuwa da mata daga ƙauyuka, su hardace waƙa, su koma su koyar da ita. Ga waɗannan mata, waƙa ita ce littafi. A cikinta suka koyi tauhidi da tarihin Annabi da tsoron Lahira. Ita kuwa malamar, da kunnensu take auna kalmominta, ta zaɓi wadda za su gane. A ganinmu, babu zumuncin mawaƙi da jama'a da ya fi wannan ƙarfi a ƙasar Hausa. Daga baya Aliyu Namangi na Zariya, makaho, wanda ya rasu a 1990, ya yi Imfiraji, makafi da almajirai suka kai ta ƙofar kowane gida.

To, yaya muke karɓar ta? Makaho zai tsaya ya fara baiti, mu jefa masa dala biyar tun bai kai amsa-amo ba, don ya wuce. Sadaka mun bayar, amma wa'azin mun mayar masa da abinsa. Idan watan Rabi'ul Awwal ya kama, daga Damagaram har Ƙwanni ana raya dare da Ishiriniyar Alfazazi, wanda ya rasu a 1230. Kawuna na rausaya, idanu na zubar da hawaye, madalla. Amma mutum nawa ne cikin da'irar zai iya fassara baitin da ya sa shi kuka?

Akwai abin da ya fi wannan haɗari. Wayoyinmu cike suke da bege, wani mai kyau, wani kuwa ya ɗaga bawa ya kai shi matsayin da bai kamace shi ba. Mai begen ya ga inda aka fi yi masa liƙi, gobe nan zai ƙara. Wanda ya liƙa kuɗin yana da rabo cikin abin da aka faɗa.

Muna roƙon limamai da malaman zaure, tsakanin Magariba da Lisha, ko da sau ɗaya ne a mako, a ɗauki baiti biyar na Ishiriniya ko na waƙen Nana Asma'u, a rera, a fassara, a bar jama'a su yi tambaya. A kuma tanadi wuri domin mata su ji.